Uku a Baya, Biyar a Gaba: Leverkusen ɗin Alonso Ta Gama da Ni

In ka cire Barcelona ta zamanin Guardiola, ban taɓa ganin ƙungiyar da tsarin wasanta ya ratsa ni kamar Bayer Leverkusen ta kakar 2023/24 ba. Wasa 34 ta buga a Bundesliga, ta ci 28, ta yi canjaras 6, babu wanda ya kai ta ƙasa ko sau ɗaya. Maki 90, ƙwallo 89 a ragar mutane, 24 kacal a tata. Bayern Munich da ta shekara 11 tana ɗaukar kofin a jere, sai ga ta a matsayi na 3. Kuma duk wannan aika-aika da 'yan baya uku aka yi ta, tsarin da masu gardama a gidajen kallo ke cewa na matsorata ne, wai tare gida kawai ya iya. Wallahi duk mai faɗin haka bai zauna ya kalli yaran Xabi Alonso ba.

Lokacin da Alonso ya karɓi ƙungiyar a Oktoban 2022, ta biyun ƙarshe ce a tebur. Bai zo da wasu manyan taurari ba. Alejandro Grimaldo kyauta aka ɗauko shi daga Benfica, Granit Xhaka ya baro Arsenal ana ganin ya fara gangarowa, namu Victor Boniface kuwa daga Union Saint-Gilloise ta Beljiyam ya zo. Abin da kocin ya yi shi ne ya ajiye kowa inda baiwarsa za ta fito, a jerin 3-4-2-1. Hradecky a raga. Jonathan Tah a tsakiyar baya, Edmond Tapsoba na Burkina Faso a gefensa, ɗaya gefen ko Kossounou na Kwaddibuwa ko Hincapié. Xhaka da Palacios, wani lokaci Andrich, su riƙe tsakiya. Frimpong a layin dama, Grimaldo a na hagu. Wirtz da Hofmann a bayan Boniface.

To ga inda daɗin yake. Da zarar ƙwallo ta shiga ƙafarsu, Frimpong da Grimaldo sun bar baya, sun haura har su yi sahu da 'yan gaba. Sai ka ƙirga ka ga mutum biyar a bakin gidan abokan karawa, su kuwa galibi huɗu suke da su a baya. Ka dubi halin da lamba biyunsu ke shiga: Wirtz ya ratso ta tsakaninsa da ɗan bayan da ke kusa da shi, Grimaldo kuma yana can bakin layi shi kaɗai yana jira. In ya bi Wirtz ya buɗe layi, in ya tsaya wa Grimaldo ya sakar wa Wirtz fili, wanda kuwa ya sakar wa Wirtz fili ya shirya ɗauko ƙwallo a raga. Kamar mai gadi ɗaya ne aka ba ƙofa biyu. Shi ya sa Grimaldo, mutumin da a takarda ɗan baya ne, ya ci 10 a gasar, Frimpong ya ci 9. Waɗanne irin 'yan baya ne waɗannan, don Allah?

Tsakiyar ma haka abin yake. Xhaka da abokinsa a ƙasa, Wirtz da Hofmann a sama, kusurwa huɗu ke nan. Ƙungiyar da ta zo da 4-3-3 mutum uku gare ta a nan, kullum akwai ɗan Leverkusen ɗaya da ba kowa a kansa, kuma Xhaka ba ya kuskuren ganinsa. Ni a wannan kakar na san darajar mutumin nan. Ba ya gudu ba gaira ba dalili, ya karɓa, ya ɗaga kai, ya bayar, ya matsa taku biyu ya sake karɓa, wasan duk a tafin hannunsa. In ƙwallo ta ƙwace musu kuma, ga uku a baya da biyu a gabansu sun riga sun toshe hanya kafin a yi tunanin kai musu farmakin ba-zata.

Ba raina sauran tsare-tsare nake ba. Da 4-4-2 Leicester ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, sahu biyu a matse, a ƙwace a cilla wa Vardy, kuma ga ƙungiyar da ba ta da kuɗi babu abin da ya kai shi sauƙin koyarwa. 4-3-3 kuwa shi ya ba mu Xavi da Iniesta da Busquets. Amma dukansu biyu, in lamba biyu da lamba uku suka tafi gaba tare, mutum biyu suke bari a gida da faɗin fili a gefe. Uku a baya ya magance wannan. Mun ma ga alama tun 2016, lokacin da Arsenal ta zuba wa Chelsea 3, Antonio Conte ya koma 3-4-3, ya miƙa wa Victor Moses layin dama gaba ɗayansa, suka ci wasa 13 a jere suka ɗauki kofi. Conte dai ya fi son a jira a kai hari. Alonso ya ɗauki wannan jeri ya ce a riƙe ƙwallo da shi, a murɗe mutum a gidansa.

Wasan da ba na gajiya da maimaita kallonsa shi ne na 10 ga Fabrairu 2024, da Bayern ta je BayArena. Tsoron Leverkusen ya sa kocin Bayern Thomas Tuchel ya bar tsarin da ya saba, shi ma ya fito da uku a baya don ya tare layukan nan biyu. Ashe Alonso ya riga shi tunani. Boniface na jinya, shi kuma bai sa wani lamba tara ba, ya ajiye Frimpong a benci, ya saki Adli da Nathan Tella da Wirtz suna yawo, 'yan bayan Bayern suka rasa wanda za su riƙe. Stanišić, ɗan wasan da Bayern ɗin ce ta ba da shi aro, shi ya fara ci. Grimaldo ya yi ba-ni-in-ba-ka da Tella ya ƙara. A ƙarin lokaci mai tsaron ragar Bayern Neuer ya tafi gaba wajen kwana, Frimpong da ya shigo daga baya ya kwashi ƙwallo a guje ya jefa ta daga nesa cikin raga ba kowa. 3-0. Kai, ranar na yi ihu har murya ta dishe!

Ga kuma taurin rai. Sun rama wa Dortmund a minti na 97, sun rama wa Stuttgart a minti na 96, ɗan gabansu Schick ya ci Qarabag biyu a ƙarin lokaci. Wasu na cewa sa'a ce. Ni ina ganin ƙungiyar da ta wuni tana ja da kai daga wannan layi zuwa wancan, dole ƙafafunka su mutu a ƙarshe, su kuwa ba sa fara cilla ƙwallo sama don lokaci ya ƙure, yadda suka fara haka suke ƙarewa.

Sau ɗaya tak aka doke su a kakar, bayan wasa 51: wasan ƙarshe na Europa a Dublin, 22 ga Mayu. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Atalanta ta Gasperini, ita ma mai uku a baya, ta manna wa kowane ɗan Leverkusen mutum ɗaya har cikin gidansu, rarar mutum ɗin nan da Xhaka ke nema ta ɓace, Ademola Lookman ya zura uku shi kaɗai. Raina ya rabu biyu a daren, ina baƙin cikin Leverkusen, ina alfahari da ɗan Super Eagles. Kwana uku bayan haka suka je Balin wasan ƙarshe na kofin Jamus da Kaiserslautern, Xhaka ya ɗaɗa ta daga nesa, aka kori Kossounou kafin hutun rabin lokaci, suka ƙarasa da mutum 10 suka ɗaga kofi na biyu da ci 1-0.