Karatu Daga Gida: Amfaninsa da Aibinsa a Ƙasar Bagudo

Ƙasar Bagudo tana yammacin Jihar Kebbi. Kogin Kwara ya ratsa ta, ta kuma yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda a dā ake kira Dahomey. Mutanen Illo, da Lolo, da Tsamiya, da Ka'oje, yawancinsu manoma ne da masunta da makiyaya da 'yan kasuwa. Wanda ya so ilmi mai zurfi a cikinsu, tilas ya bar gida ya tafi jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko ta Birnin Kebbi, ta 2013. Magidanci mai gona da iyali kuwa, ina zai iya?

Saboda irin waɗannan mutane ne Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa Jami'ar Karatu Daga Gida a 1983. Mulkin soja ya dakatar da ita a 1984, ta yi shekaru goma sha bakwai a kwance, sa'an nan aka tashe ta a zamanin Obasanjo. Yadda take aiki shi ne, ɗalibi ya ɗauko littattafansa daga intanet da waya ko kwamfuta, ya karanta a ɗakinsa, ya aika da amsoshinsa ta wannan hanya, ran jarrabawa kuma ya halarci cibiyar da aka yanka masa. Lalle wannan dabara abar yabo ce. Malamin firamare bai bar ajinsa ba, matar aure ba ta bar ɗakinta ba, ga shi kuwa suna ƙaruwa.

Amma fa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wannan karatu yana bukatar wutar lantarki, da waya mai kama intanet, da kuɗin da za a riƙa zuba mata, da Turanci mai ƙarfi, domin da shi aka rubuta mafi yawan darussan. Mutumin birni yana da waɗannan. Wanda ke ƙauyen bakin iyaka, wanda don shi aka yi abin, shi ne ya fi rasa su. Ashe an haƙa rijiya, an manta da guga.

Babban aibin kuwa shi ne ƙarancin malami a kusa. Duk wanda ya fito daga ajin Yaƙi da Jahilci ya san ba allo ne ya koya masa karatu ba, malamin da ya zauna gabansa ne, yana gyara masa da harshen da yake ji. Na'ura tana kawo littafi, amma ba ta duban fuskar ɗalibi ta gane ya ruɗe.

In ɗalibi ya gaji, akwai tarko yana jiransa a ƙetaren iyaka, watau takardar shaida ta saye. A 2023 wani ɗan jarida na Nijeriya ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano, can kudancin Benin, cikin mako shida, bai zauna a aji ba. Da labarin ya fito, a watan Janairu na 2024 Gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo, har waɗanda suka yi karatun gaskiya abin ya shafe su.

To, magani ba shi ne a watsar da karatu daga gida ba. Abin da ya kamata shi ne kowace gunduma ta sami ɗakin karatu mai wutar hasken rana da intanet, da malami wanda zai zauna da ɗalibai ko sau ɗaya a mako, ya warware musu abin da ya shige musu duhu. Mai niyyar shiga kuma, kafin ya biya ko kwabo, ya tambaya: wa zai duba aikina, ina kuma zan zauna jarrabawa? Makarantar da ta kasa amsa waɗannan, takarda take sayarwa, ba ilmi ba.