Attack on Titan: Zango na Biyu Ya Fi na Farko, Ga Hujjata

Bari in faɗi matsayata tun da wuri kowa ya huta: zango na biyu na Attack on Titan ya fi na farko. Na san wannan magana tana tada ƙura a majalisarmu ta bakin shagon caji a Miga, domin yawancin samarin da aka tura wa wannan katun na Japan a waya sun rantse babu abin da ya kamo ƙafar zangon farko. Ni ma ina son sa, so kuwa ba na wasa ba. Amma kashi 12 ɗin nan da suka fito a 2017 sun girgiza ni fiye da kashi 25 na 2013. Wanda bai kalla ba ya sani, yau zan fasa ƙwai.

Hajime Isayama ne ya ƙirƙiri labarin. Ya fara zana shi a wata mujallar kamfanin Kodansha a 2009 yana ɗan shekara 23, bai ajiye alƙalami ba sai 2021, bayan littafi 34. Kamfanin Wit Studio ne ya mayar da shi katun mai motsi. Mutane sun kulle kansu cikin ganuwa uku, Maria da Rose da Sina, kowacce tsayinta mita 50, saboda a waje akwai dodanni masu siffar mutum, suna tafe suna murmushi, ba su da aiki sai cin ɗan Adam. Dabba ko kallonta ba sa yi. Ba sa mutuwa sai an sare musu ƙeya.

Zangon farko ya buɗe da abin da har gobe ba na mantawa. Shekara ɗari ana zaune lafiya, sai rana ɗaya wani jan hannu ya dafa saman ganuwar garin Shiganshina, kan Babban Dodo mai tsayin mita 60 ya leƙo, ya sa ƙafa ya fasa ƙofar gari. Mu mutanen Miga da muke kwana da ido ɗaya a buɗe idan damina ta yi nisa, muna tsaron jinga da buhunan yashi, mun san fuskar da mutum yake yi a lokacin da abin da ya dogara da shi ya ɓalle. Ita ce fuskar da aka zana wa mutanen Shiganshina. A gaban idon Eren, jarumin labarin, wata doduwa mai yaƙe haƙora ta ɗauki mahaifiyarsa Carla ta cinye, soja Hannes kuwa ya kasa tunkararta, ya sunkuci Eren da Mikasa, yarinyar da ke zaune a gidansu, ya ruga. Kashi na ɗaya ke nan fa!

Daga nan darakta Tetsuro Araki bai bar mu mun numfasa ba. Sojoji na harba igiyoyin ƙarfe daga ƙugu, iskar gas na tura su, suna shawagi tsakanin rufin gidaje da takubba biyu, hoton na bin su har sai ka ji kanka na juyawa. Kiɗan Hiroyuki Sawano na dukan ƙirji. A kashi na 5 dodo ya haɗiye jarumin labarin ɗungurungum, kowa ya riƙe baki. Sannan ga ranar da Eren, bayan ya rikiɗa dodo, ya saɓa ƙaton dutse a kafaɗa ya toshe ƙofar garin Trost. Ga Kyaftin Levi, gajere marar fara'a, yana juyi a jikin wata Dodanniya cikin dajin manyan bishiyoyi yana yanka ta, bayan ta hallaka masa sojojinsa Petra da Oluo da Eld. Wanda ya ce wannan bai burge shi ba, ban san abin da zai burge shi ba.

Sai dai zangon farko yana da ja. Yaƙin Trost kaɗai ya ci daga kashi na 5 zuwa na 13, da maimaita abin da ya wuce, da hotuna a tsaye, da soja ya tsaya yana dogon tunani alhali dodo na bakin lungu. Kuma tsoron da ke cikinsa iri ɗaya ne: ƙato zai kama ka ya cinye.

Zango na biyu, wanda Masashi Koizuka ya ja ragamarsa Araki na duba shi daga sama, ya zo da wani tsoro dabam tun kashinsa na farko. An gano ashe cikin ganuwar kanta dodanni ne a jere, kuma limamin masu bautar ganuwa, Nick, ya sani ya ƙi magana ko da wata soja mai suna Hange ta riƙe shi a bakin ganuwa za ta saki. Kafin ka gama haɗiye wannan, sai ga Mike Zacharias, sojan da ake cewa in ba Levi ba babu kamarsa, ya tsaya shi kaɗai don ya ba ƙananan sojoji damar tserewa. Wani dodo mai gashi, mai dogayen hannuwa irin na goggon biri, ya kama dokinsa ya jefe shi da shi. Sannan ya durƙusa ya yi masa magana. Magana, jama'a, cikin ladabi, yana tambayar na'urar da ke ƙugunsa! Mike ya kasa amsawa don firgita. Dodon ya cire na'urar ya tafi, ya ba sauran dodannin izini. Jarumi irin wannan ya mutu yana kuka yana roƙo. Tsikar jikina ta tashi a wurin nan fiye da duk wani faɗa na zangon farko, domin daga ranar na gane akwai hankali a bayan wannan bala'i.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda aka janye Eren gefe aka ba ƙananan taurari fili. Sasha, wadda a zangon farko muka sani da satar dankali da ba da dariya, ta shiga wani ƙauye ta tarar da ƙaramin dodo na cin wata mata da ranta, 'yarta na zaune kusa ta daskare. Sasha ba ta da na'ura, ba ta da takobi. Gatari ta ɗauka, ya suɓuce, ta koma ga baka da kibau, ta ƙarshen ma da hannu ta caka masa a ido. Connie kuma ya isa ƙauyensu Ragako ya ga gidaje a rushe, babu gawa, babu ɗigon jini, dawakai na nan a garke. A kan gidansu wata doduwa ce kwance rigingine, ƙafafunta sirara ba za su iya ɗaukarta ba. To ta yaya ta zo? Ta dube shi ta yi masa sannu da zuwa. Fuskar mahaifiyarsa ce. Ban taɓa ganin katun ya faɗi abu mai nauyi haka da 'yan kalmomi ba.

Daren hasumiyar Utgard ma darasi ne. An san dodanni ba sa motsi da dare, sai ga su a farin wata sun kewaye yaran da ba su da makami. Sojojin da ke tsaronsu, Nanaba da Gelgar, suka yi ta sara har gas ya ƙare, takubba suka dakushe. Sai Ymir, yarinyar nan mai baƙar magana wadda ba ta damu da kowa ba sai ƙawarta Krista, ta karɓi wuƙa ta yi tsalle daga saman hasumiya ta rikiɗa dodo. A nan ne Krista ta faɗi sunanta na gaskiya, Historia.

Yanzu ga kashi na 31 (in an ci gaba da ƙirga daga zangon farko), wanda shi kaɗai ya isa ya raba gardamar nan. An hau saman ganuwar Rose, kowa ya gaji, ana shirin tafiya. Reiner, babban yayan kowa, wanda ya sa hannunsa a bakin dodo don ceton Connie a daren jiya, ya ja Eren gefe. Hoton ma ya yi nisa da su, ya bi waɗanda ke tafiya. A can baya, da murya irin ta mai ba da labarin kasuwa, Reiner ya ce shi ne Dodo Mai Sulke da ya fasa ganuwa, abokinsa Bertholdt kuma shi ne Babban Dodo. Babu kiɗa, babu tsawa. Ƙanena da muke kallo tare ya dafa ni ya ce, "Yaya, don Allah mayar da shi baya, kamar ban ji daidai ba." Asirin da aka riƙe shekara huɗu, wani daraktan zai tara masa ganguna, su kuwa suka sake shi haka kawai, sai da Mikasa ta zare takobi walƙiya ta sauko sannan kiɗan Sawano ya fashe. Eren na faɗowa daga ganuwa yana hawaye yana tuna kwanakin da suka yi tare. Wayyo, wannan aiki ya yi kyau!

Kuma ba a bar su a matsayin mugaye kawai ba. Reiner ya rabu biyu, wani lokaci ya manta shi ne ya fasa ganuwa, ya riƙa maganar ƙarin girma a soja da gaske. Bertholdt ya fashe da kuka abokansa na kiran sunansa, yana cewa ba don yana so ya kashe mutane ba. Ka so ka tsane su, zuciyarka ta ƙi.

Masu goyon bayan zangon farko suna da hujja biyu, kuma na yarda da su. Levi na jinyar ƙafa, kusan bai taɓa takobi ba. Babban Dodon da aka yi da kwamfuta a kashi na 32 kuma bai zauna da sauran zanen ba, ido na ganin bambancin. Amma a wannan kashin ne Eren ya ga naushi ba ya huda sulke, ya koma kokawa, ya yi amfani da kamun da abokiyar horonsa Annie ta koya masa ya riƙa ɓalle wa Reiner gaɓoɓi. A wurina wannan faɗan ya fi na garin Stohess na zangon farko, domin da dabara aka yi shi.

Kashi biyu na ƙarshe kuwa, sai dai ka tanadi ruwan sha. Kwamanda Erwin ya jawo garken dodanni a bayansa ya nufi Reiner da su, wani ya cafke masa hannun dama ya yi gaba da shi, yana rataye a bakin dodo yana ba da umarnin a ci gaba. Can sai ga shi ya dawo da hannu ɗaya ya yanke igiyar da aka ɗaure Eren. Sannan doduwar nan mai yaƙe haƙora ta sake bayyana. Hannes, wanda ya gudu a kashi na ɗaya, wannan karon ya tsaya, ya biya bashin shekara biyar da ransa. Eren ya kasa rikiɗa, ya naushi tafin hannunta da hannun mutum, sai duk dodannin filin suka juya suka afka mata. Da ƙura ta lafa Hange ta kawo rahoton Ragako: mutanen ƙauyen ne suka zama dodanni. Levi ya yi shiru, ya tambaya ko ashe duk shekarun nan mutane yake ta yankawa.

Idan za ka je a tura maka, ka ce a sa maka zango biyun tare, mai hoto garau, da fassara a ƙasan allo. Ka nemi abin sawa a kunne saboda kiɗan, ka kuma kore ƙananan yara daga wurin, akwai jini sosai. Ka bar fili a memori, domin a daƙiƙun ƙarshe za ka ga wani mutum mai tabarau ya fito daga ƙeyar dodon nan mai gashi, kuma wallahi ba za ka iya kwana ba ka nemi zango na uku na 2018 ba.