Falaki a Manhajar Fiziks: Giɓin da Jibiya ke Nunawa

Jibiya da Ɗan Issa maƙwabta ne, iyaka kawai ta raba su, sararin samaniyarsu ɗaya. Duk da haka, a 2022 Nijar ta yi Ƙaramar Sallah ranar Lahadi, 1 ga Mayu, Najeriya kuwa sai Litinin. Lissafi ya nuna cewa a daren Asabar ɗin wata bai daidaita da rana ba sai wajen ƙarfe tara da rabi, alhali rana ta daɗe da faɗuwa. Yanke hukuncin ganin wata haƙƙin malamai ne da hukuma, amma bayanin inda jinjirin wata yake a sama aikin masanin falaki ne. Shin jami'o'inmu na yaye irinsa?

Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma duk suna da sashen Fiziks, sai dai a Nsukka ne sashen ya ɗauki sunan Fiziks da Falaki a haɗe. Suna linzami ne: abin da ya hau allon sashe shi ke samun malamai da na'urar hangen nesa da ɗalibai masu bincike.

Wani zai ce ɗalibi aiki yake nema, falaki kuwa ba ya cika tumbi. Hujjar tana da nauyi, amma ta manta cewa lissafin da ke bin sawun wata shi ne ke riƙe tauraron ɗan'adam a kan turbarsa, kuma Najeriya na da hukumar sararin samaniya tun 1999. Ba kuma baƙon ilimi ba ne a ƙasar Katsina. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara da lissafi da ilimin taurari, manomanmu kuma sun san Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki tun kafin zuwan boko.

Manhajar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da buƙatun yankinta. Ya kamata jami'o'in Katsina su sanya kwas na tilas a kan falakin gani da ido: lissafin haihuwar wata, tsayinsa a sama lokacin faɗuwar rana, alƙibla da lokutan salla. Ɗalibin da ya iya wannan zai zauna a kwamitin duban wata da hujjar da Katsina da Maraɗi za su iya tantancewa tare.