Yaɓe Kafin Damina

Akwai masu cewa hidimar tsohon gida aikin gwamnati ne, wai duk wanda ya ɗauki kwando ya je taya gyara ba albashi, rashin aikin yi ne ke damunsa. Wasunsu kan ƙara da cewa a shafe ginin ƙasa da siminti kowa ya huta. Ban yarda da ta farko ba, ta biyun kuwa ɓarna ce tsagwaronta.

Mu a Minna ba sai an kai mu nesa ba. Ga Zungeru nan kusa, garin da Lugga ya mayar hedikwatar Arewa a 1902, inda aka haifi Azikiwe a 1904. Da mulki ya koma Kaduna, aka bar gidan gwamna ba mai shara, ba mai gyara, yau kufai ne. Gadar ƙarfen garin ma an ciccibe ta zuwa Kaduna a 1954. A Kano kuwa Gidan Makama, wanda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa, yana tsaye, haka Gidan Ɗan Hausa na Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909. Dukansu na ƙasa ne, amma hannun mutane bai rabu da su ba.

A dubi yadda ake yaɓe. Magini na gaske ba da kwaɓi yake farawa ba. Sai ya hau soro tukuna ya share indararo, domin ruwan da ya kwanta a sama shi ke ruɓar da azara, ko da ta giginya ce da ta gagari gara. Sannan ya sauko ya bi gindin bango, inda feshin ruwa ke cin gini a hankali, ya kankare abin da ya saki. Ita ƙasar ana haɗa ta da ciyawa, a tattaka, a bar ta ta yi kwanaki tana jiƙa kafin a taɓa ta. A jefa da hannu, a bi da tafi a lailaye, shi ya sa ake ganin sawun yatsu a jikin bango, kuma a wurina wannan sawun ya fi kowane fenti kyau. Inda ruwa ya fi duka, a sa makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Kowanne cikinsu yana korar ruwa, yana kuma barin bango ya sha iska ya bushe. Siminti ba ya haka. Da ya tsage ruwa ya shige, ya rasa mafita, ƙasar ta narke daga ciki alhali fuskar ginin tana nan sumul, sai ranar wani ruwan Agusta a ji rugum.

To, wa zai ɗebo ruwan, wa zai tattaka, wa zai miƙa curi sama? Ma'aikata ƙalilan ba za su iya ba kafin damina ta faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen Jenne a Mali duk shekara gari guda ke fita yaɓe babban masallacinsu, ba wanda ya kira su marasa aikin yi.

Ni abin da na fi riƙewa shi ne, babban kayan tarihin da ke cikin irin waɗannan gidaje ba tukwanen da ke bayan gilashi ba ne, sanin ginin ne. Shi kuwa ba ya ajiyuwa a kabad. Yaron da ya tattaka ƙasa kusa da tsohon magini ya ji da ƙafarsa lokacin da kwaɓi ya yi, ya koyi abin da ba a rubuta wa baƙo a allon bayani. Gayya ce makarantar da ta rage wa wannan sana'a.

Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da ku nake. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana da reshe a garin nan. Ku je ku nemi izini, ku fara da share ciyawar kufan Zungeru, ku nemo tsofaffin magina tun suna raye.