Wanda Aka Kashe Ya Fita: Nazari kan Ladubban Yaƙin Wasa

A shekarar 2001 aka fitar da wani wasan kwamfuta daga Rasha mai suna IL-2 Sturmovik, wanda ya ci sunan jirgin yaƙin Tarayyar Sobiyat na Yaƙin Duniya na Biyu. Wasa ne mai wuyar sha'ani: sai ka san yawan man da ka ɗauka, ka iya karanta taswira, ka kuma iya sauka ba ka karya ƙafar jirgi ba. Masu yinsa suka riƙa haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya ta intanet, kowace ta ari sunan wata rundunar sama ta tarihi, ta naɗa kwamanda, ta raba muƙamai, ta tsayar da ranar atisaye. Har yau ana yi, a wasanni irin su DCS World da War Thunder, ana magana baki da baki ta Discord kamar masu riƙe da rediyon soja.

Abin dubawa a wurinsu shi ne dokokin da suka ɗaure kansu da su. Ba a harbin jirgin da ke kan titi yana shirin tashi. Ba a harbin matuƙin da ya diro da laima. Idan abokinka ya raunata jirgin abokan gaba yana bin sa, rashin kunya ne ka sha gabansa ka ƙarasa don a rubuta maka. Ba a cika rediyo da surutu ana tsakar artabu. Wasu ƙungiyoyin ma rai ɗaya suke ba mutum: in aka harbo ka, sunanka ya mutu tare da lambobin yabonsa, sai ka dawo a matsayin sabon shiga. Yawancin waɗannan abubuwa kwamfutar ba ta hana su. Kana iya aikatawa, sai dai mutane su daina wasa da kai.

A Illela ta jihar Sakkwato da wuya ka tarar da irin wannan, don yana bukatar babbar kwamfuta, sandar tuƙi da wutar da ba ta ɗaukewa. Yaƙin samarin garin a waya yake: Free Fire da PUBG, mutum huɗu-huɗu, a kan benci kusa da mai cajin waya, wani lokaci na huɗun yana can Ƙwanni, tsallaken iyaka. Su ma da nasu sharuɗɗan, ko da ba a rubuce ba. In ɗan'uwanka ya faɗi ka je ka tashe shi kafin ka kwashi ganima. In datarka ta kusa ƙarewa ka faɗa tun ba a shiga ba. Wanda aka kama da manhajar maguɗi, a cire shi daga zauren WhatsApp ba sallama.

Mai cewa wannan baƙon abu ne bai yi langa ba. Yaro ya kama babban yatsan ƙafarsa ta baya da hannu ɗaya, yana tsalle da ƙafa guda, ɗayan hannun kuma shi ne makaminsa. Kowane ɓangare da ruwansa, wato wanda ake son ya kai wurin sha, sauran kuma dakarun da ke buɗe masa hanya. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya mutu. To a farin wata, ga ƙura ta tashi, wa zai tabbatar cewa yatsan ya kuɓuce na ɗan ƙiftawar ido? Nan ne za ka ji ana "Ka saki, hita!" shi kuwa yana rantsuwa, "Wallahi ban saki ba." Wasan gaba ɗaya yana tsaye ne a kan yardar wanda aka kashe ya fita da ƙafarsa. Ranar da matattu suka ƙi mutuwa, langa ta watse, kowa ya kama hanyar gida. Dokar rai ɗaya ta masu jiragen can ita ce wannan, sai dai su sun rubuta tasu da Turanci.

Batun muƙamai kuwa, kalankuwa ta riga su. Bayan an kawar da amfanin gona, samarin karkara kan naɗa gwamna da alƙali da likita da 'yan sanda a tsakaninsu, a kafa fada, a kama mai laifi, a ci shi tarar goro ko 'yan kuɗi. A Damagaram akwai wasan kara, inda ake ƙera hular hafsa da bindiga da sauran kayan mulki da karan dawa, a kwaikwayi manya a gaban idonsu. Dokar farko a duk waɗannan ita ce kada ka fasa wasan. In ɗan sandan kalankuwa ya kama ka, ko ƙanenka ne, ba ka cewa "Kai, ba kai ne wane ba?" Ka bi shi gaban alƙali, ka durƙusa, ka ce ranka ya daɗe, jama'a su yi dariya.

A ganina a nan ne namu ya fi nasu wayo. Sarautar kalankuwa tana da ranar ƙarewa, kuma da dariya a cikinta tun daga tushe. Gwamna ya san gobe zai koma ɗaukar kara, kuma wanda ya ci tara jiya maƙwabcinsa ne, don haka yana taka-tsantsan. Kwamandan intanet ba shi da wannan birki. Muƙaminsa ba ya ƙarewa da kaka, yana iya shekaru a kai, har ya manta aro ya yi. Shi ya sa ƙungiyoyin kan yawaita darewa gida biyu saboda rigimar girma, ba saboda wasan kansa ba. Haka nan tsawon dokokinsu alama ce ta ƙarancin kunya a tsakani. Yaron da ya yi maguɗi a langa, gobe da safe za a haɗu da shi a makarantar allo. Wanda ya yi a intanet yana iya sauya suna ya dawo da yamma. Inda ido ba ya ganin ido, dole takarda ta yi tsawo. Samarin bencin Illela suna tsakiya: wasan na nesa ne, amma wanda ka ci amanarsa kafaɗarsa tana gogar taka.

Dokar laima tana da asali a yaƙin gaske. Masu wasan na son ba da labarin Franz Stigler, matuƙin Jamus da ya tarar da jirgin Amurka samfurin B-17 a ragargaje ranar 20 ga Disamba, 1943, bayan harin Bremen, ya ƙi harbinsa, ya raka shi har bakin teku. Daga baya ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977, a sashe na 42, ya haramta kai hari ga wanda ya diro da laima daga jirgin da ya lalace. Dattako ne, babu musu. Amma a lura da wanda ake yi wa shi: matuƙi ne yake yi wa matuƙi ɗan'uwansa. Ladubban nan duka a sama suke, tsakanin mutanen da suke ganin juna a matsayin tsara. A taswirar wasan akwai gadoji da tankoki da tashoshin jirgin ƙasa, kwamfuta tana lissafa kowanne da aka rusa ta ba da maki, gidajen kuma yawanci babu kowa a ciki.

Mutumin jihar Sakkwato daga ƙasa yake sanin jirgin yaƙi. Ranar 25 ga Disamba, 2024, harin sama da aka ce an kai wa 'yan bindigar Lakurawa ya hallaka aƙalla mutum 10 a ƙauyukan Gidan Sama da Rumtuwa na ƙaramar hukumar Silame. Shekara guda kafin nan, ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aka binne aƙalla 85. Ban ce wasan jirage laifi ne ba, kuma wanda ya yi langa yana yaro bai zama mahari ba. Amma da samarin Illela za su sami wuta da kwamfuta su kafa tasu rundunar, ina tsammanin za su karɓi dokar laima da ta rediyo yadda suke, su ƙara musu tarar goro da ranar sauke kwamanda, sannan a yi doguwar muhawara a kan ko ya halatta a saki bam a kan gari alhali ba a tantance su wane ne a cikinsa ba.