Wane Hali Aka Juya a Bakolori?

Kalmar da Turawa ke kiran babban sauyin siyasa da ita daga ilimin taurari ta fito. Asalinta a harshen Latin kewayawa take nufi, kamar yadda Kofanikus ya yi amfani da ita a littafinsa na 1543 kan tafiyar duniyoyi. Larabawa kuwa suka ce thaura, wato yunƙurowa, irin tashin ƙura. Bahaushe bai ari ko ɗaya ba. Ya ɗauki juyi, aikin mai waina a gaban tanda, ya haɗa shi da hali, kalmar da Larabci ya ba mu, mai ma'ana biyu: yanayin da mutum yake ciki, da kuma ɗabi'arsa.

A ganina, wannan ƙira ta fi sauran tsauri. Juyin mulki kujera kaɗai yake taɓawa. An yi shi a 1966, an sake a 1983, talaka ya wayi gari yadda ya kwana. Juyin juya hali kuwa ba ya cika sunansa sai zaman mutane ya sauya, masu iko ma sun sauya ɗabi'a. Masu jihadin 1804 ba su san wannan suna ba, tajdidi suka sani. NEPU kuma sawaba ta nema a 1950.

Shi ya sa nake ƙyamar yadda ake liƙa kalmar ga shirin noma na gwamnatin Shagari, wai juyin juya halin noma. Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun ga irin juyin da manyan ayyukan noma ke yi. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka kammala ta a 1978. Ruwa ya shanye gonaki da garuruwa, fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da ke ciyar da shinkafarsu, biyan diyya kuma ya zama ja-in-ja. Manoma suka tare hanyoyi, suka tsayar da aiki. A watan Afrilu na 1980, shekarar da aka ƙaddamar da wancan shiri, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta.

An juya kogi, an juya gona, amma ɗabi'ar hukuma ga talaka tana nan yadda Nasara ya bar ta. Waɗanda suka nemi ta juya su ne manoman da suka tsaya a kan hanya, kuma 'yan tarzoma aka kira su.