Barry Fitzgerald da Hoton Mutumin Ailan a Silima

Manufar wannan maƙala ita ce duba rayuwar Barry Fitzgerald, ɗan wasan ƙasar Ailan, domin a ga yadda ma'anar wasa kan sauya idan masu kallo suka sauya.

An haife shi a birnin Dablin a 1888, ainihin sunansa kuwa William Joseph Shields. Ma'aikacin gwamnati ne da rana, da dare kuma yana wasan kwaikwayo a dandalin Abbey, har zuwa 1929 da ya ajiye aikin ofis. A 1924 ya fito a matsayin Kyaftin Boyle cikin wasan Sean O'Casey mai suna Juno and the Paycock. Boyle mashayi ne, malalaci, mai cika baki. To amma an gina wasan ne a kan zamanin yaƙin basasar Ailan na 1922, kuma lalacin Boyle na cikin abubuwan da suka rusa iyalinsa. Mutanen Dablin sun yi dariya, amma dariyar mai ɗaci ce, domin halin gidajensu suke gani.

A 1936 John Ford ya kai shi Holiwud. Can ya fito a matsayin tsohon limamin coci a Going My Way na 1944, inda ya ci lambar Oscar ta mataimakin jarumi. A 1952 kuma ya fito a The Quiet Man a matsayin Michaleen Flynn, mai shiga tsakani wajen neman aure, wanda ba ya rabuwa da kwalba. A nan ne matsalar take. Shaye-shayen Flynn bai cuci kowa ba, raha ce kawai, karin harshensa na Ailan kuma ya koma ado. Wannan kuwa shi ne tsohon hoton da dandalin Ingila ya daɗe yana zana mutumin Ailan da shi tun zamanin mulkin mallaka: mai surutu, mai ban dariya, marar nauyi.

Ba wai gwanintar Fitzgerald ce ta ragu ba. Muryar ita ce, iya sarrafa fuska ma yana nan. Abin da ya ɓace shi ne darasin da O'Casey ya ɗora wa dariyar, domin baƙi nishaɗi suke saye, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Fitzgerald ya rasu a Dablin a 1961. Mai nazarin aikinsa ba zai yi masa adalci ba sai ya auna Flynn da Boyle tare.